Cinikin Waje, Haƙƙin Ɗan Adam da Makauniyar Biyayya ga Jam'iyya a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Amurka, sai jam'iyyun Republican da Democrat su hau zargin juna da sayar da ma'aikatan ƙasar ga Sin, ko da kawar da kai daga zaluncin gwamnatocin da ake ciniki da su. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mai bin wannan muhawara yakan yi, musamman idan ya lura cewa abin da jam'iyya ta faɗa jiya ba shi take faɗa yau ba.

Wace jam'iyya ce ke son a buɗe kasuwa, wace ce ke son a kare ta da haraji?

Amsar ta danganta da shekarar da ka yi tambayar. Daga zamanin Abraham Lincoln har zuwa farkon shekarun 1930, Republican ce jam'iyyar harajin shigo da kaya, domin ƙarfinta yana wajen masu masana'antu na arewacin ƙasar. 'Yan Democrat na kudu, masu noman auduga suna fitarwa Turai, su ne ke son a sassauta. Dokar Smoot-Hawley ta 1930, wadda ta ɗaga haraji a kan dubban kayayyaki kuma ƙasashe suka rama, 'yan Republican ne suka kawo ta. Shugaba Franklin Roosevelt na Democrat ne ya juya akalar a 1934, da dokar da ta ba shugaban ƙasa ikon ƙulla yarjejeniyar rage haraji.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sannu a hankali suka yi musayar wuri. Republican ta zama jam'iyyar manyan kamfanoni da ciniki maras shinge, ƙungiyoyin ƙwadago kuma suka ja Democrat zuwa ga ɗari-ɗari. Lokacin da aka kaɗa ƙuri'a a kan NAFTA, yarjejeniyar ciniki maras shinge da Kanada da Meziko, a Majalisar Wakilai a Nuwamba 1993, ta wuce da 234 a kan 200, kuma 'yan Republican 132 ne suka goyi baya, 'yan Democrat 102, duk da cewa shugaban da ke roƙon ƙuri'ar, Bill Clinton, ɗan Democrat ne. Sai Donald Trump ya zo a 2016 ya mayar da Republican gidanta na asali. Kwana uku da rantsar da shi, a Janairu 2017, ya fitar da Amurka daga yarjejeniyar ciniki ta TPP ta ƙasashe 12 na yankin tekun Fasifik, wadda Barack Obama ya yi shekaru yana ɗinkawa da taimakon ƙuri'un 'yan Republican.

Yaya aka yi Sin ta zama tsakiyar rigimar?

Nan ne ciniki da haƙƙin ɗan adam suka fi cin karo, kuma nan ne ya fi dacewa a tsaya a duba.

Richard Nixon ya ziyarci Sin a 1972, Jimmy Carter ya ƙulla cikakkiyar hulɗa da ita a farkon 1979, kuma daga 1980 aka fara ba ta sassaucin harajin da ake ba sauran abokan ciniki. Sai dai akwai wata doka ta 1974, mai suna Jackson-Vanik, wadda aka yi don matsa wa Tarayyar Sobiyet ta bar Yahudawa su yi ƙaura. Saboda wannan doka, dole kowace shekara shugaban ƙasa ya sabunta wa Sin sassaucin, majalisa kuma ta sami damar yin magana. Shekara tara ana yin haka ba hayaniya.

Kisan da sojoji suka yi wa masu zanga-zanga a kewayen dandalin Tiananmen a Yuni 1989 ya canza komai. 'Yan Democrat a majalisa, Nancy Pelosi tana kan gaba, suka nemi a ɗaura sassaucin da sharuɗɗan haƙƙin ɗan adam. Shugaba George Bush babba ya hau kujerar na-ƙi sau biyu a 1992. Clinton, yana neman kujerarsa, ya zarge shi da lallaɓar masu mulkin kama-karya. Da ya ci zaɓe, ya sa hannu a kan umarni a Mayu 1993 wanda ya gindaya wa Sin sharuɗɗa. Shekara guda bayan haka, a Mayu 1994, da Sin ta ƙi motsi kuma kamfanonin Amurka suka taso shi gaba, ya janye sharuɗɗan da kansa, ya raba ciniki da haƙƙin ɗan adam. Abin da ya zagi Bush a kai, shi ya yi.

A Mayu 2000 Majalisar Wakilai ta amince a ba Sin sassaucin dindindin da ƙuri'a 237 a kan 197, Majalisar Dattawa ta bi da 83 a kan 15, Sin kuma ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamba 2001. Hujjar da aka kafa a lokacin, kuma shugabannin jam'iyyun biyu suka yarda da ita, ita ce arziki da intanet za su buɗe siyasar Sin daga ciki. Waɗanda suka ƙi sun fito ne daga ɓangarori biyun: ƙungiyoyin ƙwadago da Pelosi a gefe guda, da 'yan Republican masu kishin 'yancin addini irin su Frank Wolf da Chris Smith a ɗaya gefen. An kira su masu hangen kusa. Arzikin ya zo, kuma ba ƙarami ba ne, don Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci a Sin cikin shekara 40. Buɗewar siyasar kuwa ba ta zo ba. A wannan batu, marasa rinjayen ne suka hango daidai, kuma ya kamata a riƙa faɗin haka.

Da gaske ne cinikin ya cinye ayyukan Amurkawa?

Ya cinye wasu, kuma a wurare ƙayyadaddu. Masu aiki a masana'antu sun ragu daga kusan miliyan 17 a 2000 zuwa kusan miliyan 11.5 a 2010. Ba duka laifin Sin ba ne, domin injuna sun maye gurbin hannaye, ga kuma durƙushewar tattalin arziki ta 2008. Amma binciken masana tattalin arziki David Autor da David Dorn da Gordon Hanson da abokan aikinsu ya ƙiyasta cewa gogayya da kayan Sin ta jawo asarar ayyukan masana'antu kusan miliyan 1 tsakanin 1999 da 2011, idan aka haɗa da sauran ayyukan da suka dogara da su kuma, abin ya haura miliyan 2.

A ƙasar da ke da ma'aikata fiye da miliyan 130, wani zai ce wannan kaɗan ne. Matsalar ita ce ribar ta bazu, asarar kuma ta taru. Kowa ya sami takalmi da talabijin da araha, amma garuruwan da ke ƙera kujeru da saƙa a jihar North Carolina, da garuruwan ƙananan masana'antu a Ohio da Michigan, su suka ɗauki nauyin su kaɗai. Masana sun zaci mutane za su tashi su koma inda aiki yake. Yawancinsu ba su tashi ba. Jam'iyyun biyu sun yi shekaru ba su waiwaye su ba, kuma Trump ya ci Pennsylvania da Michigan da Wisconsin a 2016 da ratar da jimlarta ba ta kai ƙuri'a 80,000 ba.

Wa ke biyan harajin da ake sa wa kayan Sin?

Kamfanin Amurka da ya shigo da kayan ne ke biya a kwastan. Daga nan ko dai ya rage ribarsa, ko ya ɗora wa mai saye, ko ya matsa wa mai sayar masa ya rage farashi. Binciken da aka yi a kan harajin 2018 da 2019 ya nuna kusan duka nauyin a cikin Amurka ya faɗo. Wannan ba ya nufin haraji ba shi da amfani ko kaɗan, ƙasa tana iya yanke shawarar biyan tsada don ta riƙe wata masana'anta. Amma cewa Sin ce ke biya ba gaskiya ba ne.

To me ya sa manoman da ramuwar Sin ta fi shafa ba su juya wa Trump baya ba?

A 2018 Trump ya sa harajin kashi 25 cikin 100 a kan ƙarfe da kashi 10 a kan alminiyam, sannan ya bi kayan Sin na kusan dala biliyan 370. Sin ta rama a inda zai yi zafi, wato waken suya da naman alade, amfanin jihohin da suka zaɓe shi. Farashin waken ya faɗi, gwamnati ta ware kusan dala biliyan 28 a 2018 da 2019 don tallafa wa manoma. A Janairu 2020 aka ƙulla yarjejeniyar da Sin ta yi alkawarin ƙara sayen kayan Amurka na dala biliyan 200, alkawarin da ba ta cika ba. Duk da haka Trump ya sake cin Iowa a 2020 da ratar kusan kashi 8 cikin 100.

Tallafin ya taimaka, amma ba shi kaɗai ba ne. Manomin Iowa ba farashin wake kawai yake zaɓa ba. Yana duban cocinsa, da bindigarsa, da batun zubar da ciki, da kuma yadda yake jin mutanen manyan birane suna raina shi. Idan ya auna, sai ya ga asarar kaka ɗaya ta fi masa sauƙi a kan mulkin waɗanda yake ɗauka abokan gaba. Ba wauta ba ce, kuma kiran sa wawa shi ne abin da ke ƙara manne shi da jam'iyyarsa. Sai dai sakamakon yana da illa: ɗan siyasar da ya san ba za a hukunta shi ba, ba shi da dalilin gyarawa.

Masu zaɓe suna da ra'ayin kansu a kan ciniki, ko shugaba suke bi?

Mafi yawa bi suke yi. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta cibiyar Pew ta nuna cewa a farkon 2015 fiye da rabin magoya bayan Republican suna ganin yarjejeniyoyin ciniki maras shinge alheri ne. Kafin zaɓen 2016 adadin ya faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Ba wata sabuwar hujja da ta bayyana cikin waɗannan watanni, ɗan takara ne ya canza. Magoya bayan Democrat kuma, waɗanda jam'iyyarsu ta fi kowa adawa da NAFTA, sai suka ƙara son ciniki maras shinge daidai lokacin da Trump ya tsane shi.

Abin da ya fi nuna halin shi ne zamanin Joe Biden. 'Yan Democrat sun yi shekara huɗu suna kiran harajin Trump haraji a kan talaka. Biden ya hau, ya bar harajin da ke kan kayan Sin yadda yake, a Mayu 2024 ma ya ɗaga na motocin lantarki na Sin zuwa kashi 100 cikin 100. Ba a ji hayaniya daga cikin gida ba. 'Yan Republican da suka yi shekara 30 suna wa'azin kasuwa maras shinge, su ma sun yi gum a Afrilu 2025 lokacin da harajin kayan Sin ya kai kashi 145 cikin 100, kafin a sassauta a watan Mayu.

Haka abin yake tun fil azal?

A'a. A 1984 Ronald Reagan ya ci jihohi 49 cikin 50, amma Democrat ta riƙe Majalisar Wakilai, domin miliyoyin mutane sun zaɓi Reagan a sama, suka zaɓi ɗan Democrat a mazaɓarsu. A 2016 kuwa babu jiha ko ɗaya da ta zaɓi sanata daga wata jam'iyya, shugaban ƙasa daga wata. A 2020 Maine ce kaɗai ta yi haka: ta zaɓi Biden, ta kuma zaɓi Sanata Susan Collins 'yar Republican. Cikin mazaɓu 435, guda 16 ne kawai suka raba ƙuri'a a 2020.

Dalilan suna da yawa. Bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964 da dokar 'yancin zaɓe ta 1965, fararen fata na kudu masu ra'ayin riƙau sun yi ta ficewa daga Democrat, har kowace jam'iyya ta zama mai launi ɗaya a aƙida. Ana shata mazaɓu yadda jam'iyya ɗaya za ta riƙa ci kullum, don haka ɗan majalisa ya fi tsoron zaɓen fid da gwani a kan babban zaɓe, kuma masu zafin ra'ayi ne ke fitowa zaɓen fid da gwani. Gidajen talabijin da kafofin sada zumunta sun rabu gida biyu. Masana siyasa irin su Alan Abramowitz sun nuna cewa abin da ke fitar da mutane da yawa rumfar zaɓe yanzu ba son jam'iyyarsu ba ne, ƙin ɗayar ne.

Launin fata da addini fa, ba su ne ainihin tushen wannan biyayyar ba?

Suna da ƙarfi ƙwarai. Kusan kashi 9 cikin 10 na baƙar fata masu zaɓe sun daɗe suna tare da Democrat, kusan kashi 8 cikin 10 na fararen fata mabiya ɗariƙar Ibanjelika suna tare da Trump, 'yan asalin Kuba a Florida kuma sun daɗe da Republican saboda tsaurinta ga gwamnatin Havana. Amma kada a ɗauka jini ne ke zaɓe. Kowane rukuni yana da tarihin da ya kai shi inda yake, kuma yana iya tashi. A 2024 gundumar Starr a Texas, wadda kusan duk mazaunanta 'yan asalin Meziko ne, ta zaɓi Republican karo na farko cikin fiye da shekara 100. A Dearborn ta Michigan, garin da ke da Larabawa da Musulmi masu yawa, wanda Biden ya ci da babban rinjaye a 2020, Trump ne ya zo na ɗaya a 2024, Jill Stein ta ƙaramar jam'iyyar Green kuma ta kwashi kaso mai tsoka. Yaƙin Gaza ne ya jawo haka. Ko mutum ya yarda da shawararsu ko bai yarda ba, mutanen Dearborn sun nuna cewa batun haƙƙin ɗan adam a ƙasar waje yana iya karya biyayyar jam'iyya, abin da ba kasafai ake gani ba.

Wace jam'iyya ce ta fi damuwa da haƙƙin ɗan adam?

Wadda ba ta kan mulki. Wannan ita ce amsar da tarihi ya fi goyon baya. Bayan kisan ɗan jaridar Saudiyya Jamal Khashoggi a ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul a Oktoba 2018, majalisa ta nemi dakatar da sayar wa Saudiyya makamai, Trump ya hau kujerar na-ƙi a 2019, Biden kuma ya yi alkawarin mayar da ƙasar saniyar ware. A Yuli 2022, da farashin mai ya tashi, Biden ɗin ne ya sauka a Jidda. Kowace jam'iyya kuma tana da ƙasashen da idonta ke gani da waɗanda ba ya gani. Wanda ke kuka da Kuba da Benezuwela yakan yi shiru a kan Masar, wanda ke kuka da Rasha yakan rasa bakin magana idan abokin ƙawance ne ke aikata ɓarna.

Akwai lokacin da aka karya wannan al'ada, kuma ya cancanci a tuna da shi. A 1986 Reagan ya ƙi sa hannu a kan dokar ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu takunkumi. Majalisar Dattawa, wadda 'yan jam'iyyarsa ke riƙe da ita, ta tsallake shi da ƙuri'a 78 a kan 21, kuma Richard Lugar, ɗan Republican, yana cikin waɗanda suka ja gaba. Da wuya a ga irin wannan a yau.

Babu inda suka haɗu kwata-kwata?

Sun haɗu a kan Sin. Dokar hana shigo da kayan da aka yi da aikin tilas na 'yan ƙabilar Uyghur ta wuce Majalisar Wakilai da 428 a kan 1 a Disamba 2021, ta fara aiki a Yuni 2022. Ta juya nauyin hujja: duk kayan da ke da alaƙa da yankin Xinjiang ana ɗaukarsa na aikin tilas ne sai mai shigo da shi ya tabbatar da akasin haka. Yankin yana samar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na audugar duniya, da kaso mai yawa na sinadarin da ake yin farantan sola da shi, don haka dokar ta taɓa aljihun kamfanoni da gaske. Gwamnatin Trump ta kira abin da ake yi wa Musulmin Uyghur kisan ƙare dangi a Janairu 2021, gwamnatin Biden ta amince da hakan, ofishin haƙƙin ɗan adam na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya ce a Agusta 2022 yana iya zama laifi a kan bil'adama. Sin ta musanta duka.

Dokar tana da kyau. Amma haɗin kan ya zo ne bayan Sin ta zama kishiya a fannin fasaha da soja, ba a 1994 ko 2000 ba, lokacin da ake cin riba da ita hankali kwance.

Ɗaura ciniki da sharuɗɗa yana gyara wani abu kuwa?

Yana gyarawa idan sharaɗin ƙarami ne, a fili yake, kuma akwai mai binciken cika shi. Yarjejeniyar USMCA, wadda ta maye gurbin NAFTA a Yuli 2020 bayan jam'iyyun biyu sun amince da ita, tana da hanyar kai ƙarar masana'anta guda ɗaya idan ta take haƙƙin ma'aikatanta. An yi amfani da ita a 2021 a kan masana'antar General Motors da ke Silao a Meziko, kuma a farkon 2022 ma'aikatan suka zaɓi ƙungiyar ƙwadago mai zaman kanta. Takunkumin da aka sa wa Kuba tun 1962 kuwa ya haura shekara 60 bai sauya gwamnati ba, talakan ƙasar ne ke ɗauke da shi. Wani lokaci kuma matakin na ganin ido ne: bayan ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh a Afrilu 2013 ya kashe fiye da mutum 1,100, Amurka ta dakatar da wani sassaucin haraji ga ƙasar, alhali tufafin da ake ɗinkawa a ginin ba su ma cikin kayan da sassaucin ya shafa.

Ƙasashen Afirka sun san wannan sanda ta hanyar shirin AGOA na 2000, wanda ya ba su damar shigar da kaya Amurka ba haraji. An cire Habasha da Mali da Gini a Janairu 2022, aka cire Nijar da Gabon da Uganda da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a Janairu 2024, saboda juyin mulki ko take haƙƙi. A Habasha, matan da ke ɗinki a masana'antun Hawassa ne suka fara rasa aiki, ba waɗanda suka ba da umarnin yaƙin Tigray ba. Shi ya sa dokar Magnitsky ta 2012, wadda aka faɗaɗa a 2016, ta fi kusa da adalci, domin mutumin da ya aikata laifin take bi, ta riƙe dukiyarsa, ta hana shi biza.

Tunda tsarin mulki majalisa ya ba ikon sa haraji, me ya hana ta karɓe abinta?

Sashe na ɗaya na tsarin mulkin Amurka ya ba majalisa ikon haraji da tsara ciniki da ƙasashen waje. Ita da kanta ta yi ta miƙa shi ga shugaban ƙasa, a 1934, da 1962, da 1974. Tana iya karɓewa da sabuwar doka, amma shugaban zai hau kujerar na-ƙi, kuma tsallake shi yana buƙatar kashi biyu cikin uku a majalisun biyu, wato sai 'yan jam'iyyarsa da yawa sun bijire masa. A Afrilu 2025 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin soke harajin da aka sa wa Kanada da ƙuri'a 51 a kan 48. 'Yan Republican huɗu ne kawai suka tsallaka: Mitch McConnell, Rand Paul, Susan Collins da Lisa Murkowski. Biyu daga cikinsu daga Kentucky suke, jihar da Kanada ta janye barasarta daga kantuna don ramuwa, McConnell kuma ya riga ya sanar cewa ba zai sake tsayawa takara ba. Shugabannin Majalisar Wakilai a lokacin ba su bari ƙudurin ya iso gaban 'yan majalisa don a kaɗa masa ƙuri'a ba.